Fashin Baƙi: An sauya wa tsohuwar mota inji, dole ne a sa famfon mai a cikin tanki?

Idan aka sauke wa tsohuwar mota injinta mai kafireta aka ɗora mata mai injekta, dole ne sai an huda tanki an jefa famfon mai a cikinsa, ko kuwa wata dabarar cin kuɗi ce ta makanikai? Tambayar ta daɗe, amma ta ƙara yawo a garejoji da tashoshin mota tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024. Wanda ba shi da halin sauya mota sai ya sauya mata inji. A je Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko a yi saƙo Ladipo a Legas, a ɗauko ɗan Beljiyam da fatan shan mai zai ragu.

Ana gama ɗaure inji sai gardama ta tashi. Bakanike ya ce, "Alhaji, sai fa an sauke tanki." Mai mota ya ce shekara talatin motarsa na hawa titi ba famfo a tanki, me ya kawo shi yau? Wani a gefe ya ce haɗa lantarki da fetur wuri guda ai ganganci ne. Na huɗu ya ce a ɗaure famfon a waje a wuce wurin. Kowannensu yana da ɗan guntun gaskiya, sai dai duk suna magana a kan famfo, alhali yawancin wahalar da ke biyo baya daga tankin kansa take fitowa, sai kuma daga waya.

Abin da ya canja ranar da aka ɗora sabon inji

Kafireta ba ta buƙatar a tura mata mai da ƙarfi. Tana da ɗan ƙoƙon ajiya a jikinta, da wani abu mai tasowa da ke toshe ƙofar idan ƙoƙon ya cika. Iskar da inji ke zuƙa ce ke jan man daga ƙoƙon. Aikin famfo kawai shi ne kada ya bar ƙoƙon ya bushe. Shi ya sa famfon Peugeot 504, irin wadda kamfanin PAN ya fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, yake manne a jikin inji, ba ruwansa da batir. Juyawar inji ce ke motsa shi, yana tsotso mai daga tanki sannu a hankali, da matsin da bai wuce psi 3 zuwa 6 ba.

Psi ɗin nan shi ne lambar da mai faci ke karantawa a gejinsa. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar 30 zuwa 35. Injin injekta na yau da kullum yana son mai ya iso masa a kan psi 40 zuwa 60, wato bar 3 zuwa 4 a ma'aunin da ake rubutawa a jikin kwalin famfo. Man da ke cikin bututun ya fi iskar tayarka matsi ke nan.

Dalili shi ne yadda injekta ke aiki. A yawancin injinan kowace silinda tana da nozul ɗinta, wato ɗan bakin da ke fesa mai, kwamfutar inji, wato birenbos, ita ke buɗe shi na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, ya fesa mai ya rufe. Kwamfutar ba ta auna yawan man da ya fita. Lokaci kawai take ƙirgawa, a kan zaton matsin da ke bayan nozul daidai yake da wanda aka tsara mata. Idan matsin ya gaza, man da ke shiga ya yi kaɗan, mota ta riƙa shaƙewa idan an taka totur, inji ya riƙa zafi. Idan ya wuce kima, salansa ta yi baƙin hayaƙi, fulogi su yi baƙi, mai ya riƙa tafiya a banza. Kuma ko da mutum ya so ya ci gaba da tsohon famfonsa, yawancin injinan injekta ba su da ma gurbin ɗaura shi. Don haka famfon lantarki mai matsi dole ne. Abin da ake iya gardama a kai shi ne inda zai zauna.

Famfo a cikin fetur ba zai tashi da wuta ba?

Wannan tsoron shi ne ya fi sauƙin kawarwa. Ruwan fetur ba shi ke cin wuta ba, tururinsa ne, kuma shi ma sai ya gauraya da iska daidai gwargwado, tsakanin kashi 1.4 da 7.6 cikin 100. A cikin rufaffen tanki mai fetur, tururin ya zarce wannan nesa ba kusa ba, iskar da za ta ciyar da wuta ba ta isa ba. Tun daga shekarun 1980 kamfanoni suka riƙa mayar da famfo cikin tanki, yau kusan kowace motar fetur da ke kan titi haka take. Man ma ta cikin injin lantarkin famfon yake bi, ya ratsa inda lantarki ke aiki ya fita ta sama. Shi ne ke sanyaya famfon, shi ne kuma man shafawarsa.

Akwai dalili na biyu da ya fi shafar mu. Famfon lantarki ya iya turawa, bai iya tsotsa ba. Idan aka sa shi jan mai daga nesa ko daga ƙasa zuwa sama, matsi yana raguwa a bakinsa, shi kuwa fetur da matsi ya ragu sai ya fara tafasa tun kafin ya yi wani zafi na kirki. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40 kuma kwalta ke dafa ƙarƙashin mota, ba a buƙatar wani abu mai yawa kafin bakin famfo ya cika da kumfa. Wanda ya taɓa makalewa a cunkoso da tsakar rana ya ga abin: mota ta mutu, direba ya sauko ya tsuguna kusa da tayar baya, ya fasa ledar fiya wata biyu a kan famfo, ya naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma, a jira minti goma, mota ta tashi kamar ba ita ba. Famfon da ke nitse a cikin mai ba ya shiga wannan hali da sauƙi, domin ba shi da nisan da zai tsotsa.

Tsohon tanki ba shi da kwano

Nan ne ainihin maganar, kuma nan ne aka fi yin sakaci.

Zuba kofi ɗaya na ruwa a faffaɗan tire ka ɗauka ka yi tafiya. Kowane taku ruwan na guduwa gefe guda, tsakiya ta bushe. Tankin tsohuwar mota haka yake: faffaɗa ne, ba zurfi, cikinsa fili. Lita biyar a irin wannan tanki ɗan siririn shimfiɗi ne a ƙasa, da an sha kwana ko an taka birki ko an hau tudu sai ya tattare a kusurwa, bakin bututu ya zuƙi iska na daƙiƙa biyu ko uku. A zamanin kafireta direba bai taɓa sanin hakan na faruwa ba, saboda ɗan ƙoƙon nan na kafireta yana riƙe da man da zai ciyar da inji har wanda ya gudu ya dawo. Injekta ba ta da ajiya ko ta cokali ɗaya. Iska na shiga, matsi ya faɗi, inji ya yanke nan take, kuma sau da yawa a daidai lokacin da ake tsakiyar wuce tirela.

Kamfanonin mota sun magance wannan ne da ajiye famfo a cikin wani kwano. Idan ka samu cikakken kayan famfon mota irin Corolla ta 2003 zuwa sama ka ɗora a kan benci, za ka ga farin murfin roba mai bakin bututu da soket ɗin waya, a ƙasansa kuma gidan famfon, da 'yar jakar tacewa shimfiɗe a bakinsa. A wasu motocin kwanon yana manne da ƙasan tankin, a wasu kuma bokitin roba ne da ke fitowa tare da famfo. Irin bokitin nan yana da 'yar ƙofa a gindinsa mai leɓen roba, mai ya shiga amma ba ya fita. Man da ya dawo daga inji ko daga regileta, wato na'urar da ke daidaita matsin mai, a cikinsa yake zuba, wasu ma an yi musu ɗan siririn hanci da ke amfani da gudun man da ke dawowa ya janyo ƙari daga tanki. Saboda haka ko tanki ya kusa bushewa, kwanon cike yake.

Yanzu duba abin da ake yi a garejoji da yawa. A sayo tsuran famfo, a ɗaure shi da robar tsohon tib a jikin guntun ƙarfe, a zura ta ramin geji, a ce an gama. Ranar gwaji an sayi mai da yawa, mota ta yi lafiya lau. Bayan sati guda mai mota ya koma halinsa na sayen na dubu uku ko biyar, mota ta fara tsinkewa a shataletale. A ce famfon ne jabu, a sayo wani. Shi ma ya yi wata biyu yana shan iska, ya ƙone, a ɗora wa 'yan kasuwa laifi. Jabun famfo suna nan birjik, ba musu, amma ko na asali aka sa a tankin da ba kwano ƙarshensa ɗaya ne.

A ganina, a ƙasar da direban haya ke yini da allurar geji a kan ja, kwanon nan ya fi sunan kamfanin da ke jikin famfo muhimmanci. Haka ma wanda ya ƙara wa motarsa tukunyar gas ta CNG: idan ba a tsara famfon ya tsaya lokacin da ake tafiya da gas ba, kada ya bar tankin fetur ya bushe, domin famfon na can yana juyawa ba abin da ke sanyaya shi.

Hanyoyin da ake bi, da hujjar kowa

Masu cewa a ɗaure famfo a waje ba shirme suke yi ba. Mercedes ta yi shekaru tana yin haka a motocinta na 190E da 230E, famfo da filta suna rataye a ƙarƙashin mota kusa da tayar baya. Ga sauƙin gyara: ya lalace a hanyar Birnin Gwari ko Potiskum, minti ashirin an sauya shi ba a sauke tanki ba. Sai dai Mercedes ta ƙera tankin ne da mafita a ƙasa, mai faɗi, yadda nauyin mai da kansa ke kai shi bakin famfo. Tsohon tankin kafireta galibi ta sama siririn bututunsa ke fita. Idan za a bi wannan hanya, famfo ya zauna dab da tanki, ƙasa da gindinsa, nesa da salansa, bututun da ke kai masa mai ya fi na gabansa faɗi. Ko an yi duk wannan, matsalar gudun mai a cikin tanki tana nan.

Akwai masu ƙara ɗan ƙaramin tanki na lita ɗaya ko biyu, dogo siriri, a waje. Ƙaramin famfo mara matsi ya riƙa cika shi daga babban tanki, babban famfo ya ɗiba daga gindinsa. Volkswagen ta yi kusan irin wannan a Golf 2 mai injekta. Yana aiki sosai, ba a kuma taɓa tsohon tanki. Illarsa famfo biyu, waya biyu, mahaɗar tiyo ta ninka, kuma kowace mahaɗa wurin yoyo ce. Kada a haɗa wannan da jarkar roba da wasu ke ɗaurewa a but ko a ƙarƙashin kujera da famfo a ciki. Wancan jiran gobara ne.

Hanyar da ta fi kowace tsafta, idan ta samu, ita ce neman tankin 'yar'uwar motar. Motoci da yawa na ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 an yi su iri biyu a jiki ɗaya. Corolla ta wancan lokaci akwai mai injin 4A-F na kafireta, akwai mai 4A-FE na injekta. Tankin ta biyun yana da kwanonsa da murfinsa da bakin bututun dawowa, kuma galibi yana hawa gurbin ta farkon. Wanda ya samu wannan a wurin masu yanka mota ya huta da walda gaba ɗaya.

Idan babu, sai huda tsohon tanki a dasa cikakken kayan famfo. A Amurka, inda sanya injinan LS na Chevrolet a motocin shekarun 1960 da 1970 ya zama sana'a mai zaman kanta, kamfanoni irin su Aeromotive da Holley suna sayar da kayan da aka yi don wannan aiki, har da soso na musamman da ke riƙe mai a kewayen famfo. A nan abin da ya fi kusa da hannu shi ne kayan famfon wata mota daga kasuwar 'yan Beljiyam, wanda tsayinsa ya yi daidai da zurfin tankinka.

Sai kuma ɓangare na ƙarshe, masu cewa a cire nozul da birenbos a ɗora wa sabon injin kafireta, kowa ya huta. Hujjarsu ita ce ko a ƙauye akwai mai gyara kafireta. Gaskiya ne. Amma wanda ya sayi inji don rage shan mai sannan ya cire abin da ke rage shan man, me ya saya ke nan?

Babban famfo ba shi ne mai kyau ba

Abu biyu ake dubawa: matsi da yawan man da famfo ke turawa a awa. Wajen yawa, lissafin ba wuya. Injin fetur yana shan kusan sulusin lita a awa a kan kowane doki ɗaya na ƙarfinsa, idan an take totur har ƙasa. Inji mai ƙarfin doki 130 ba zai wuce lita 40 zuwa 45 a awa ba. Famfon Walbro mai lita 255 a awa, wanda masu motocin tsere ke yabo, ya ninka wannan kusan sau shida. Rarar sai ta riƙa zagaye tsakanin inji da tanki tana ɗebo zafi, ƙaramar regileta ta kasa mayar da ita, matsi ya hau. Famfon da kamfani ya haɗa da injin tun farko ya isa.

Wajen matsi kuwa, kama da wane ba ta wane. Golf 3 mai injin 1.8 da nozul ɗaya tal a sama, irin wadda ta cika tashoshinmu, kusan bar 1 take so. 'Yar'uwarta mai 2.0 da nozul huɗu bar 3 take so. Kayan famfonsu a ido kusan ɗaya ne. Tsofaffin Mercedes masu tsarin K-Jetronic kuwa suna neman bar 5 ko fiye. Don haka ba a cewa "ba ni famfon Golf", sai an faɗi lambar inji.

Akwai kuma tarkon da ya fi kama mutane. Famfo ba shi ke tsayar da matsi ba, regileta ce. A injinan Toyota irin su 4A-FE, 5A-FE da 3S-FE, regileta tana kan bututun nozul a jikin inji, rarar mai tana komawa tanki ta bututu na biyu. Idan tsohuwar motar bututu ɗaya gare ta, sai an ja sabo tun daga gaba har baya. A injinan da suka biyo baya, irin su 1ZZ-FE na Corolla da 2AZ-FE na Camry, babu regileta a jikin inji kwata-kwata. Tana can cikin tanki tare da famfo, bututu ɗaya ne ke zuwa gaba. Wanda ya sayi irin wannan inji ya bar kayan tankinsa a kasuwa, sannan ya haɗa masa tsuran famfo, ba abin da ke rage matsi, sai iyakar ƙarfin famfon. Motar za ta tashi, amma da hayaƙi da warin ɗanyen mai, famfon kuma yana aiki a shaƙe. Maganin shi ne a sayi inji da kayan tankinsa tare, ko a sa filta mai regileta a jikinta kusa da tanki. Corvette ta 1999 zuwa 2004 tana da irinta ta bar 4, wadda Amurkawa ke yawan amfani da ita, Volkswagen ma tana da masu bar 3 da bar 4.

Ranar huda tanki

Tankin da aka juye man cikinsa shi ne mai kisa. Abin da ya hana cikakken tanki kamawa, wato rashin iska, ya kau, saura tururi da iska a gauraye. Tartsatsi ɗaya daga injin yanka ko walda ya isa. Dole a sauke shi daga mota, a wanke da ruwa da omo sau da yawa har wari ya tafi, a cika shi da ruwa lokacin aiki, ko a kai wa wanda gyaran tanki ne sana'arsa. Bayan an huda a kwashe garin ƙarfe tas. Idan cikin ya yi tsatsa, a wanke ta ko a haƙura da tankin, domin dattin da kafireta ke haɗiyewa ba ta ko tari, nozul ba ya iya wucewa da shi.

Ramin a yi shi a wuri mai shafe, sama da inda tanki ya fi zurfi, a kauce wa hannun geji. Jakar tacewa ta kwanta dab da ƙasa. Murfi ya zauna a kan zobe da kusoshi da gasket mai jure fetur. Gam ɗin silikon da ake shafa wa inji ba ya jure fetur, yana kumbura ya gutsure ya toshe jakar. Sabulu kuwa, da direbobi ke liƙe yoyo da shi a hanya, dabarar isa gida ce kawai. Tsohon gejin mai a bar shi inda yake, domin na sabon kayan ba lalle ya yi magana ɗaya da allurar dashbod ba. A kuma tabbata tanki yana da hanyar shan iska. Idan ka buɗe murfi ka ji doguwar zuƙa, a toshe take.

Tiyo, kilip da filta

Tiyon mai iri-iri ne, kuma an rubuta a jikinsa. Mai lamba 30R7 na kafireta ne. Mai 30R9 shi ne na injekta. Wanda zai zauna a cikin tanki, tsakanin famfo da murfi, sai mai 30R10 ko fararen bututun roba masu ƙwarya-ƙwarya da ke zuwa da kayan asali. Bambancin shi ne tiyo na yau da kullum cikinsa ne kawai ke jure fetur, bayansa ba ya jurewa. Idan ya kwana watanni a nitse sai ya kumbura ya yi laushi ya tsage, famfo ya riƙa zubar da mai a cikin tanki. Kana jin kukansa lafiya lau, amma inji ba ya samun komai. Ingancin man da muke saye ma yana ƙara wa abin nauyi: an ga yadda fetur mai yawan methanol da aka shigo da shi a farkon 2022 ya jefa masu motoci cikin wahala, ga kuma na 'yan bumburutu da ba a san jarkar da ya kwana a ciki ba.

'Yar filtar roba mai haske da ake gani a tsofaffin motoci ba ta da wuri a nan, fashewa za ta yi. Ta gwangwanin ƙarfe ake sawa bayan famfo. Kilip ma a sa irin na injekta mai matse tiyo ko'ina daidai, ba waya da aka murɗe da filaya ba. Yoyon kafireta ɗiga yake yi. Na injekta feshi ne, kuma idan ya sauka a kan bakin salansa mai zafi ba a samun lokacin neman yashi.

Famfon da bai san inji ya mutu ba

Tsohon famfo yana da wata kariya da ba wanda ya lura da ita: inji na tsayawa shi ma ya tsaya. Na lantarki bai san wannan ba sai an koya masa. A tsarin kamfani, kwamfutar inji ce ke kunna shi ta hanyar rile, wato ɗan makunnin lantarki da ke buɗe wa famfo wuta ya kuma yanke ta. A motoci da yawa, kana murɗa makulli zai yi kuka na daƙiƙa biyu ya cika bututu ya yi shiru, ba zai ci gaba ba sai kwamfuta ta ga inji na juyawa. Ford da wasu motocin Turai sun ƙara da wani makunni da ke yanke wutar famfo idan mota ta yi karo.

Abin da masu wayarin da yawa ke yi shi ne su ja waya daga makulli kai tsaye zuwa famfo, abin da suke kira dairek. Mota na tashi, kowa ya yi murna. Ranar da aka yi hatsari bututu ya tsinke, direba ya suma makulli na kunne, famfon zai ci gaba da feso fetur fiye da lita ɗaya kowane minti har sai tanki ya ƙare ko wuta ta kama. A tsofaffin Toyota akwai ɗan akwatin gwaji a ƙarƙashin bonet mai ramuka biyu da aka rubuta wa FP da +B. Haɗa su da guntuwar waya yana sa famfo aiki muddin makulli na kunne. An yi shi don gwajin mintuna ne, amma akan buɗe a tarar da wayar ta yi tsatsa a wurin.

Aikin da ya dace ba shi da tsada: waya mai kauri daga batir, fis na amfiya 15 ko 20 kusa da batir ɗin, rile da birenbos ke sarrafawa, da wayar at, wadda ke mayar da wuta ta jikin mota, da aka ɗaure a ƙarfe mai tsafta. Siririyar waya tana rage wutar da ke isa famfo, matsi ya faɗi daidai lokacin da aka kunna fitila da na'urar sanyi. A cikin tanki kuwa ba a murɗa waya a naɗe da salatif, fetur zai narkar da shi.

Shin shan man zai ragu, kuma me mai mota zai duba?

Zai iya raguwa, idan kwamfutar tana samun labarin gaskiya. Amma idan aka cire tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin ruwan inji, kamar yadda aka saba a nan da sunan wai na ƙasar sanyi ne, aka kuma bar na'urar da ke shinshinar hayaƙi a salansa ba a haɗa ba, inji zai daɗe bai kai zafinsa ba, kwamfuta ta riƙa ƙara mai. A haɗa da matsin da ya wuce kima, sai a samu injin injekta da ya fi tsohuwar kafireta ci. Daga nan ne maganar "injekta ba ta yi da ƙasar nan" ke samo asali.

Mai mota ba sai ya zama bakanike ba kafin ya kare kansa. Tun a kasuwa ya yi cinikin inji da birenbos da wayoyinsa da kayan famfon tankinsa a dunƙule, ya karɓi rasit mai lambar inji. Kafin a rufe tanki ya leƙa ya ga kwanon da idonsa, ya karanta lambar da ke jikin tiyo. Ya nemi a ɗaura gejin matsi a bututu: a 4A-FE ko 3S-FE allura ta tsaya wajen psi 38 zuwa 44 idan an zare ɗan tiyon iskan regileta, ta ɗan sauka idan an mayar da shi, kuma bayan an kashe mota kada ta faɗo ƙasa nan da nan. Gwajin hanya kuma kada a yi shi da cikakken tanki. A bar mai ƙasa da kwata, a ɗauki mutane, a zaga shataletale da ɗan gudu, a hau gada, a taka birki da ƙarfi.

Na ƙarshe a tsaye ake yinsa. A ja birkin hannu, a sa giya, a saki kuloci inji ya mutu da kansa, makulli na kunne. Wani ya kasa kunne a bakin tanki. Idan famfo ya yi shiru cikin daƙiƙa biyu ko uku, wayarin ya yi. Idan ya ci gaba da kuka, a kira mai wayarin ya dawo kafin a ba shi cikon kuɗinsa.